Ranar da Kaka Ta Duba Wankin Kawu

Tun da aka koma makaranta ba ku bar ni na huta ba. Zulai ta tambaye ni ko na yi kuka da na ga koriyar ƙubba, Hassana kuma tana son sanin ko da gaske ne laimomin harabar masallaci da kansu suke buɗewa. Na yi kuka, kuma da kansu suke buɗewa. Amma duk sanda kuka zagaye ni a gindin darbejiya sai maganar ta maƙale min a wuya, kun dai san halina. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ku riƙa karɓa bi da bi.

Sai na fara gaya muku wani abu na gidanmu, in ba haka ba ba za ku gane tafiyar ba.

Da Kaka na tafi, mahaifiyar Mama. A Bichi take, kuma tun tana budurwa fura da nono take sayarwa. Autanta shi ne Kawu Bashir, injiniya ne, shekararsa tara a Madina. Shekara uku da suka wuce wani tsohon abokin aikinsa ya zo gaishe ta, cikin hira ya saki baki. Ya ce shi da Kawu sun yi shekara biyu tare a wani kamfanin giya a kudu bayan sun gama hidimar ƙasa, aikinsu wanke manyan tankunan da ake jiƙa ta. Alhali a lokacin Kawu ce mata ya yi kamfanin lemo ne. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta dai zauna tana tuna kowane buhun shinkafa da ya aiko mata a shekarun nan biyu, ta dafa, ta ci, ta ba maƙwabta. Daga ranar ba ta sake cin komai da ya fito daga hannunsa ba, ba ta kuma sake yi masa magana baki da baki ba. In ya kira waya sai ta miƙa wa na kusa da ita ta ce, "Faɗa masa lafiya lau."

Ya yi rantsuwa ya daɗe da barin wancan aiki. Ya ce yanzu khal suke yi da dabino, ruwan tsamin nan da ake zubawa a salak. Ta sa aka tambaye shi yadda ake yinsa, ya ce a tanki ake jiƙa dabinon har ya yi tsami. Kaka ta ce, "Tanki dai." Shi ke nan.

Bana ta sayar da shanunta biyu ta ce za ta Umra. Mama tana da goyo, sai aka zaɓe ni in raka ta, don na iya karanta allon hanya kuma ba ni da surutu. A filin jirgi Mama ta ja ni gefe ta gyara min hijabi, ta ce, "Nafisa, tsufa ya zo wa Inna. Ba na so ta bar duniya da wannan abu a ranta, shi ma ya zauna da shi har abada. Kwana goma sha biyu za ku yi a gidansa. In ba ta ci abincinsa a can ba, ban ga inda za ta ci ba." Na ce to, duk da ban san abin da ake so in yi ba.

A jirgi aka kawo abinci a ƙaramin tire. Kaka ta naɗe hannuwanta ta ce in tambayi matar wa ya biya. Kunya ta hana ni tambaya, sai na ce mata ai yana cikin tikitinta. Ta ce, "To saniyata ce ke nan," ta cinye har biredin, ta sa cokalin roba a jakarta.

A Jidda muka sha tsayuwa. Akwai wani gilashi mai koriyar wuta da ake ɗora yatsu a kai. Na ɗora nawa, nan take ya karɓa. Kaka ta ɗora, shiru. Jami'in ya goge gilashin, ta sake ɗorawa, shiru. Ya kama hannunta ta saman hijabi ya juya tafin, ya daɗe yana kallo. Ni ma ranar na fara lura: yatsun Kaka sumul suke kamar bayan cokali, shekara hamsin na dirzar ƙwarya da toka ya cinye zanen. Sai da ya ba ta wani mai ta shafa, ta danna da ƙarfi har gilashin ya yi ƙara, sannan babban yatsa ɗaya ya yarda.

Wajen duba kaya kuma wani ya buɗe jakarta, ya ja da baya yana toshe hanci. Garin dawa ne a ciki, da kuka, da ƙuli-ƙuli, da busasshiyar kuɓewa, da ƙaramar tukunya, sai daddawa a naɗe cikin leda uku. Abincin kwana goma sha shida ta ɗauko don kada ta buƙaci na kowa. Na tsorata ƙwarai. Sai ga wani jami'i baƙi dogo ya matso, ya shinshina, ya yi dariya ya ce da wata irin Hausa mai lanƙwasa, "Hajja, daddawa wannan? Kakana tana sa shi a miya, wallah gida duka yana gudu." Ya rufe jakar da kansa.

Kwana huɗu muka yi a Makka. Wannan ba zan iya rubuta shi ba, sai kun je. Abin da kawai zan ce, a ɗawafi Kaka ce ta riƙa jan hannuna, ba ni ke jan nata ba.

Daga nan muka hau jirgin ƙasa zuwa Madina. Gudu yake kamar ba a ƙasa yake ba, amma ruwan da ke cikin kofina ko girgiza bai yi ba. Kaka ta ƙi yarda muna tafiya sai da ta ga raƙuma suna wucewa ta baya.

Kawu Bashir yana jiranmu a tasha. Ban gan shi ba tun ina firamare, gemunsa ya fara furfura. Yana hango ta ya cire takalmi ya durƙusa a tsakiyar tayil, Larabawa suna ratse shi da akwatunansu. Ya ce, "Sannu da zuwa, Inna. Sannu da hanya."

Kaka ta kalli saman kansa, can wajen agogon bango. Ta ce, "Nafisa, faɗa wa kawunki ya tashi, mutane na kallo. Ki kuma faɗa masa ya yi ƙiba."

Taku biyu ne tsakaninsu. Na buɗe baki na ce, "Kawu, wai ka tashi." Na ƙibar ban iya faɗa ba. Ya yi murmushi ya ce, "Na ji saura." Daga ranar na samu aiki: ni ce wayar da ke tsakaninsu.

Gidansu a unguwar Aƙiƙ yake, hawa na uku. Ba zaure, ba tsakar gida, ba inda za ka ga sama sai ta taga. Maƙwabci zai wuce ka a matakala ya yi sallama ɗaya, ba "ya gajiya", ba "ya iyali", Kaka ta ce mutanen nan kamar ana binsu a guje. Da rana famfon ruwan sanyi ya fi na zafi zafi, don tankin yana kan rufi, sau biyu ina ƙona hannu wajen alwala kafin Anti Ruƙayya, matar Kawu, ta koya min tara ruwa a bokiti tun safe. Anti a kantin magani take aiki, kuma ba ta gama jimla da harshe ɗaya. Za ta ce, "Yalla Nafisa, ɗauko min mafatih ɗin nan mu je suk," wato in ɗauko makullai mu je kasuwa. 'Yarsu Lubna, mai shekara bakwai, a can aka haife ta. Tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Sitti take kiran Kaka, wato kaka da Larabci. Kaka ta ce, "Ke 'yar nan, ni ba siti ba ce, ba alawa ba," amma kullum bayan la'asar suna zaune tare, ɗaya na Hausa ɗaya na Larabci, kuma ban taɓa jin sun nemi tafinta ba.

Da safe suna cin wani faffaɗan biredi mai zafi da ake kira tamis, da dafaffen wake da aka dama da man zaitun. Shayinsu ba madara, sai ganyen na'ana'a mai ƙamshi har cikin kai. Kaka kuwa sai ta fito da tukunyarta ta tuƙa tuwonta. Anti ta taɓa tsokanarta ta ce, "Inna, ai gas ɗin ma nasa ne." Kaka ta ce, "Wuta ba ta shiga ciki." Ruwan sha ma daga masallaci take ɗebo zamzam a gora, ni ke ɗauka.

Kowace yamma Kawu zai dawo da wani abu a leda: ɗanyen dabino mai taushi na lokacin zafi, ko inabi, ko gasasshiyar kaza. Zai ajiye a gabanta ya koma bakin ƙofa ya zauna. Ita kuma ta sa bayan hannu ta turo shi gabana, a hankali, ba tare da ta kalla ba. Ni ke ci, yana kallona, yana cewa, "Ci mana, Nafisa, ci." Ban taɓa cin abu mai daɗi da wuyar haɗiya irin wannan ba.

Ran Juma'a Kawu ya gayyato wani malami ɗan Zariya da ke koyarwa a jami'ar can. Ya yi wa Kaka bayani mai tsawo, ya ce malamai sun daɗe da yin magana a kan khal, kuma a garin nan kowa na ci. Ta saurare shi har ƙarshe, kanta a ƙasa. Sannan ta ce, "Allah ya ƙara sani, Malam. Kunnena ya ji. Cikina ne bai ji ba."

A kwana na bakwai abin ya faru. Kaka ba ta iya zama haka nan, kuma tun zuwanmu take harar kicin ɗin Anti. Da suka fita aiki sai ta ɗaura zani ta ce in zo. Ta juye tokar kaskon turaren wuta a kwano, ta tafasa ruwa, muka fito da komai daga kabad. Can ƙasa a lungu akwai wata babbar kwalba mai faɗin baki, an rufe ta da farin ƙyalle an ɗaure da zare. Ruwa ne ja-ja a ciki, a samansa kuma wani abu mai kauri yana yawo, mai santsi, kamar fatar ganda da aka jiƙa. Warinsa ya bugi hancina.

Kaka ta ce, "Kin ga aikin matan boko. Abu ya ruɓe har ya yi fata, suna kwana da shi a gida."

Na lura ƙyallen fes yake, kuma an yi wa zaren ɗauri mai kyau, irin na wanda ke kwancewa yana mayarwa. Na so in faɗa. Ban faɗa ba. Ta tuttule shi a makwarara, ta dirje kwalbar da toka sau uku, ta kife ta a taga.

Da Kawu ya dawo ya ga kwalbar tana ƙyalli a taga, sai ya tsaya da ledarsa a hannu. Anti ta ce, "Innalillahi. Ummul khal!" Lubna ta fara kuka don ita ke leƙa abin kullum, har suna ta sa masa.

Kaka ta ce, "Tambaye shi mene ne."

Kawu ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Faɗa mata uwar khal ce. Abu ne mai rai. In an sa shi a sabon ruwan dabino, shi ke juya shi ya yi tsami. Mai wurin aikinmu ne ya yanko min daga tulun mahaifinsa a shekarar da na fara. Amma ki ce mata ba komai, akwai a wurin aiki."

Ban kai ga maimaitawa ba na ga fuskar Kaka ta sauya. Duk mai sayar da nono ta san wannan. Ba a taɓa wanke ƙwarya kaf sai an ɗebi ɗan nonon jiya an ajiye, shi za a zuba a sabuwar madara ta kwana ta yi kindirmo. Na Kaka daga hannun mahaifiyarta ya fito, ko da za mu taho sai da ta damƙa shi amana a wurin maƙwabciyarta, ta yi mata gargaɗi sau uku.

Ta ce a hankali, "Iri na zubar."

Ta daɗe tana murza yatsunta. Sannan ta ce, "Faɗa masa gobe zan bi shi. Abin da na zubar da hannuna, da hannuna zan ɗebo."

Kawu ya buga wa mai wurin waya ya nemi izini. Washegari Alhamis ce, ranar wankin tanki, ba a aikin komai sai shi.

Wurin yana kan hanyar Badr, tafiyar kusan awa guda, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, sai gonakin dabino jefi-jefi. Ni da Kaka muna baya, kwalbar tana cinyarta. Mai wurin wani tsoho ne siriri da kowa ke kira Ammu, wato baffa. Ya tarbe mu da gahawa a ƙananan kofuna, yana ta faɗin abubuwa da hannu a ƙirji. Akwai kuma Malam Usman, abokin aikin Kawu, Bahaushen Sudan, wanda ya ce kakanninsa da ƙafa suka bar Haɗeja. Shi ya ba mu takalman roba da tabarau masu faɗi. Kaka a cikin takalmin roba har gwiwa, da tabarau a kan hijabi, da na ga dama da na yi dariya, amma na cije.

Tankuna uku ne a cikin wani dogon ɗaki, na farin ƙarfe, kowanne ya fi ɗakin ajinmu tsawo. Ɗaya an juye shi da asuba. A gindinsa akwai ƙofa zagayayya, daidai shigar mutum, a buɗe, ga wata fanka tana hura iska ta cikin babban bututu. Kaka ta ajiye kwalbar ta nufi ƙofar kai tsaye, ta sunkuya za ta cusa kai ta shinshina, yadda take yi wa kowace ƙwarya.

"Inna!"

Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga murya ba. Ya yi tsalle ya fizgo ta da hannu biyu har tabaranta ya faɗi. Ɗakin ya amsa. Ya tsaya riƙe da kafaɗarta. Sai ya tuna, ya sake ta, ya juyo gare ni.

"Ki ba ta haƙuri. Faɗa mata akwai iska a ciki wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Jiƙon ne ke fitar da ita, ta kwanta a ƙasan tanki. Mutum ya shaƙa sau biyu sai ya faɗi ciki, wanda ya shiga ɗauko shi ma ya faɗi. Ba a leƙawa sai wannan ta ce an yarda." Ya nuna wata 'yar na'ura rawaya da ke rataye a bakin ƙofar tana ƙiftawa.

Kaka ta ɗauki tabaranta ta mayar. Na ga ta shafa wurin da ya riƙe.

Da na'urar ta yi kore sai aka fara. Malam Usman ya kawo mana kujeru. Kawu yana aiki yana bayani, wai ni yake yi wa. Ya ce ba mai shiga ciki da soso. A can saman tankin akwai wata ƙwallon ƙarfe mai huji-huji, in an turo ruwa da ƙarfi sai ta riƙa juyawa tana fesa ko'ina. Ya ce da ruwan sanyi ake farawa, don in ka fara da na zafi dattin zai dahu ya manne.

Kaka ta ce wa iska, "Haka ne. Ƙwaryar nono ma."

Bayan nan aka rufe ƙofar aka turo ruwan zafi mai soda, irin ta masu yin sabulu. Kawu ya ce shi ya sa ma dole a fara korar waccan iskar, don soda tana shanye ta, in ta shanye a rufaffen tanki sai ya lotse kamar gwangwanin da aka taka. Malam Usman ya ce, "Hajja, soda ɗin nan ɗan'uwan ruwan toka ne, sai dai shi ya yi makaranta." Kaka ta kusa yin dariya. Ya ce bayan soda za a ɗauraye har sai wata 'yar takarda da ake tsomawa ta daina sauya launi, sannan a bi da ruwan asid marar ƙarfi don ya cire farin dutsen da ruwan garin ke bari, a sake ɗaurayewa, a ƙarshe a turara da tururi. Kaka ta tambaya, ta bakina, me ya sa ba a dirzawa da soson ƙarfe. Kawu ya ce ko ƙarzane ɗaya aka yi, a nan ƙazanta za ta ɓuya, ruwa ya wuce ta samanta. Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ma ƙwaryar da ta tsage kaji take ba wa.

Sodar tana zagayawa, ƙararta a cikin tankin kamar ruwan sama a kan kwano. Ba abin yi sai jira. Malam Usman ya fita. Kawu ya jawo bokiti ya kife ya zauna a gabanmu.

Kaka ta ce, "Tambaye shi a ina ya koyi wannan wankin."

Na tambaya. Ya ce, "A can na koya. A wurin da take tunani."

Na maimaita, muryata ƙasa-ƙasa.

"Tambaye shi abin da ke cikin wancan." Ta nuna tanki na farko, wanda aka ɗaure famfonsa da waya da dalma.

Ya ce, "Ruwan dabino ne da yis. Ba zan ɓoye ba, akwai kwanakin da abin da ke cikinsa, in mutum ya sha, zai bugu. Shi ya sa yake a ɗaure. Ko ɗigo ba ya fita. Ta bututu yake wucewa zuwa na biyu, a can iri zai cinye wancan abin ya mai da shi tsami, kuma ba a buɗewa sai an auna an ga ya juye." Ya kalli takalminsa. "A wancan wurin kuwa giya ce, giya nake wanke wa tanki, na sani sarai. Na yi shekara ina neman aiki ban samu ba, na ji kunyar dawowa Bichi hannu biyu. Na yi mata ƙarya, na ciyar da ita da shi. Faɗa mata wannan ne ban san yadda ake wankewa ba."

Dukansu suka juyo suna kallona. Na buɗe baki. Kun san ni, ko a aji aka ce in karanta sai gumi ya karyo min. Kalmar giya kuwa, a gaban Kaka, da bakina, a kan Kawu, ta ƙi fitowa. Na rufe fuska da hijabi. Na ji hawaye na bin cikin tabaran roba. Ba wanda ya maimaita maganar, ta tsaya a tsakaninsu yadda ya faɗe ta, kuma kowa ya san ta ji.

Aka ɗauraye, aka sa asid, aka sake ɗaurayewa, aka yi turare. Muka yi azahar a ofishin Ammu. Sai da ƙarfen ya huce, na'urar ta sake yin kore, sannan Kawu ya buɗe ƙofar ya miƙa min tocila in ba ta.

Ta sunkuya ta haska. Ni ma na leƙa ta gefenta. Cikin yana walƙiya har sama, na ga fuskokinmu biyu a miƙe kamar a bayan cokali. Ta shinshina sau uku. Ta ce, "Ciki ya wanku." Na ga kafaɗun Kawu sun sauka.

Amma ba ta tashi ba. Ta bi bakin ƙofar da yatsa, inda wani baƙin zoben roba ya zagaye shi. Ta tura yatsan ta ƙarƙashin zoben, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ta zaro, ta kai hanci.

"Nan bai wanku ba."

Malam Usman ya ce, "Haba Hajja, tururi ya bi ta nan."

"Tururi ba shi da yatsa."

Kawu ya durƙusa ya ɓanɓare zoben ya juya shi a hasken tocila. A bayansa akwai wata 'yar tsaga siririya kamar gashi, da wani abu ja-ja a maƙale a ciki. Ya kalli Malam Usman, Malam Usman ya kalli rufi. Ammu ya karɓi zoben ya duba, ya ɗaga hannu sama yana ta zuba Larabci yana nuna Kaka, Malam Usman ya ce wai cewa yake a ba ta ofis.

Kaka ta goge yatsanta a gefen zani. Ta kalli Kawu, cikin idonsa, ba saman kansa ba.

"Kai dai Auta, tun kana yaro haka kake. Ka wanke cikin kwano fes, ka bar gindinsa. Sau nawa na dawo da kai bakin rijiya?"

Kawu yana durƙushe da tocila a hannu. Bakinsa ya motsa sau biyu kafin ya ce, "Da yawa, Inna."

"To sa sabo, ka sake wanke bakin nan da hannunka ina kallo."

Ya sa sabo, ya wanke tana tsaye a kansa tana cewa nan, da nan. Bayan nan Ammu ya kai ta wani ƙaramin ɗaki inda tulunan mahaifinsa suke jere, ya ba ta ludayi, ta yanko iri da kanta ta zuba a kwalbar, ta ɗaure ƙyallen.

An shimfiɗa leda a ƙasan ofis, aka juye shinkafa da kaza a babban faranti, da salak a gefe. Mu mata aka zuba mana namu a ɗaya kusurwar. Kaka ta tsaya a kan farantin.

"Wa ya sayo?"

Kawu ya ce, "Ni ne, Inna."

Ta fita wurin famfo. Ta daɗe tana wanke hannu, har na ɗauka ba za ta dawo ba. Ta dawo ta zauna, ta yi bisimilla, ta dunƙula loma ta kai baki. Ta tauna a hankali. Ta ce, "Ba yaji." Ta sake dunƙula wata. "Auta, miƙo min ruwan tsamin nan naku in ji abin da ake wa wannan wahala."

Ya kawo da kansa, ya ɗiga mata a kan salak. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce tsamiya ta fi shi, amma ta ce ya ƙara. Shi bai koma wurin maza ba. Ya tsuguna nesa kaɗan yana kallon hannunta yana zuwa yana dawowa, sai da ta ce, "Kallon me kake yi? Tashi ka ci abinci, ka bar mutane suna jiranka."

Da za mu koma, na buɗe mata ƙofar baya kamar yadda muka zo. Ta miƙo min kwalbar ta ce in riƙe da kyau, ta zagaya ta shiga gaba. Ba mu kai bakin titi ba ta fara.

"Ka san Tanko mai shayi ya rasu? Bara waccan, da damina. 'Yar Lami kuma ta haifi tagwaye, ɗaya ya koma. Katangar bayan gida ta faɗi, na gaya wa yayarka ta gaya maka, ban sani ba ko ta faɗa. Kuka ɗin nan ta bakin kasuwa da kake hawa, sun sare ta."

Labarin shekara uku ne, kuma ba ta tsallake ko akuya ɗaya ba. Kawu yana tuƙi yana cewa "Allah sarki," yana cewa "Ashe," wani lokaci ya goge ido da bayan hannu ya ce hasken rana ne. Ni ina baya, kwalbar a cinyata, irin yana lilo a hankali a cikin ruwansa. Har muka hango fitilun Madina ba wanda ya juyo ya neme ni.